Fray Bentos: Tashi da Faɗuwar Garin Naman Gwangwani

Akwai zamanin da naman sa ba shi da wata daraja a ƙasar da yau ake kira Yurugwai. Mahaya dawakai kan kayar da bijimi a fili, su feɗe shi, su ɗauki ƙirgin, wani lokaci su yanke harshen don abincin dare, su bar sauran gangar jikin ga tsuntsaye da karnukan daji. Ba almubazzaranci ne ya sa su haka ba, shanun ne suka fi ƙarfin bakunan da za su ci. Tun da gwamnan Sifaniyawa Hernandarias ya sa aka sauke shanu a wannan yanki a 1611 da 1617, dabbobin suka tarar da ciyawa ba iyaka, ga ruwa, ga yanayi mai sauƙi, suka yi ta hayayyafa ba makiyayi ba shinge, har suka kai miliyoyi. Ƙirgi kan jure tafiyar watanni a cikin jirgin ruwa zuwa Turai. Nama kuwa ko kwana uku ba ya yi.

A can ƙetaren teku, garuruwan masana'antu na Ingila da Beljiyam da Jamus suna ta cika da leburori waɗanda sai su yi mako ba su ga tsoka a kwanonsu ba. Nama na ruɓewa a gefe guda, yunwarsa na cin mutane a ɗaya gefen, Tekun Atlantika na tsakani. Tarihin Fray Bentos gaba ɗaya tarihi ne na dabarun da aka yi ta gwadawa don a tsallakar da nama wannan teku kafin ya lalace. Kowace dabara ta ɗaga garin a lokacinta, wadda ta biyo bayan ta ƙarshe kuma ta bar shi a baya.

Dabarar farko ita ce gishiri. Daga ƙarshen ƙarni na 18 aka fara kafa manyan mayanku a bakin koguna, inda ake yanyanka nama fale-fale, a jibge shi tsibi-tsibi tsakanin gishiri, sannan a shanya a rana har ya bushe ƙayau. Sunansa a can tasajo. Turawa sun ƙi shi, sun ce ya yi tauri, ya yi wari. Kasuwarsa tana Barazil da Kyuba, inda masu gonakin rake ke sayensa da araha su ciyar da bayi. A nan labarin ya taɓa mu kai tsaye, domin a cikin bayin Bahia ta Barazil akwai Hausawa da yawa waɗanda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun masu fataucin mutane, kuma su ne suka shirya yunƙurin tawayen 1807 a birnin Salvador. Irin wannan busasshen nama da garin rogo shi ne abincin bawa a wannan ƙasa. Kafin injin tururi ya iso, arzikin shanun Kogin Plata, wanda ke tsakanin Yurugwai da Ajantina, ya jingina ne a kan bauta, kuma bai kamata a ba da labarin ba tare da an faɗi haka ba.

Garin kansa sabon yanka ne. An kafa shi a 1859 da sunan Villa Independencia, a gaɓar gabas ta Kogin Yurugwai, kimanin kilomita 300 daga Montevideo, yana fuskantar Ajantina a ɗaya ƙetaren. Sunan Fray Bentos da wurin ya gada tun da can shi ne ya rinjayi sabon sunan a bakin jama'a. Abin da ya ba shi fifiko shi ne zurfin ruwa: a wannan lanƙwasa ta kogin gaɓa tana da tudu, ruwan da ke gindinta kuma yana iya ɗaukar jirgin da ya fito daga teku. Jirgi zai taso daga Antwerp ko Liverpool, ya shigo ta bakin Plata, ya hauro har ƙofar mayanka. A bayan gari kuwa filayen kiwo ne har inda ido ya tsaya. Wani Baturen Ingila, Richard Hughes, yana cikin waɗanda suka fara ganin haka, ya kafa mayankar gishiri a wurin.

Amma abin da ya juya ƙaddarar garin a ɗakin gwaje-gwaje aka ƙulla shi, a Jamus. Justus von Liebig, ɗaya daga manyan masanan kimiyyar sinadarai na zamaninsa, ya wallafa a 1847 hanyar da za a dafa nama a tsame ruwansa, a ƙafar da shi har ya koma wani abu mai kauri. A ganinsa, duk ƙarfin nama yana cikin wannan tsimi, kuma da shi za a iya ciyar da marasa lafiya da talakawan da ba su iya sayen tsoka. Matsalar ita ce lissafi. Sai an dafa kusan kilo 30 na jan nama kafin a sami kilo ɗaya na tsimin. Da farashin naman Turai, sai kantin magani na fadar Munich ne kaɗai ke yinsa kaɗan-kaɗan, a sayar wa masu hali. Liebig ya ce duk wanda zai iya yin abin a ƙasar da nama ke da araha, kuma ya yi shi da inganci, zai ba shi dabarar ya kuma ara masa sunansa.

Shekaru suka wuce ba wanda ya amsa, sai wani injiniya Bajamushe, Georg Christian Giebert, wanda ya yi aiki a Barazil ya kuma ga yadda ake zubar da nama a Yurugwai. Ya je Munich ya koyi aikin, ya samo jari daga attajiran Antwerp, ya kafa kamfani a 1863, ya girke injuna kusa da mayankar Hughes. Samfurin da ya aika ya gamsar da Liebig. A ƙarshen 1865 aka yi wa kamfanin rajista a Landan da sunan Liebig's Extract of Meat Company, da jarin fam 500,000. A lura da wannan rabon aiki tun daga ranar farko, domin bai taɓa canzawa ba: ilimi daga Munich, kuɗi daga Antwerp da Landan, kasuwa a Turai. Abin da ke na Fray Bentos shi ne shanu, da ruwa, da hannayen ma'aikata.

Aikin yana da ban sha'awa idan aka dube shi kusa. Bayan yanka da fiɗa, sai masu wuƙa su cire kitse da jijiya da ƙashi, domin kitse kan sa abin ya yi ɗoyi idan ya daɗe. Jan naman sai a tura shi cikin injin niƙa, daga nan ya faɗa manyan tukwanen ƙarfe da tururi ke ɗumamawa. A dafa, a kwashe maiƙon da ya taso, a tace romon, a mayar da shi wasu faffaɗan tukwane inda zai yi ta ƙafewa sannu a hankali har ya yi baƙi-baƙi ya yi danƙo kamar maɗi. Daga nan a ɗura a manyan gwangwanaye a aika Antwerp, inda ake gwada shi a rarraba cikin ƙananan kwalabe, kowace da takarda mai ɗauke da sa hannun Liebig da shuɗin tawada. Tuƙar naman da ta rage a busar a niƙa ta zama abincin dabbobi. Jini da ƙashi su zama taki, kitse ya tafi masana'antar sabulu da kyandir, ƙaho da kofato su ma da masu sayensu. Mutanen garin har yau suna faɗin cewa a masana'antarsu ba abin da ake asara a jikin saniya sai kukanta. A kakar aiki ɗaya a kan yanka shanu fiye da 100,000. Wutar lantarki ma ta kama a wannan masana'anta a 1883, tun kafin ta haska titunan babban birnin ƙasar.

Sai dai akwai wata gaskiya da ta fito tun da wuri, wadda ta isa ta kashe kasuwar. Masu bincike suka gano cewa tsimin ba ya gina jiki yadda Liebig ya zata. Sinadarin da ke gina jiki yana cikin tuƙar da ake ba dabbobi, abin da ke cikin kwalba kuwa ɗanɗano ne da gishirin nama. An gwada ciyar da karnuka da shi kaɗai, suka mutu. Babban malami ya yi kuskure a babbar magana, kuma abin da aka ƙirƙira don talaka bai taɓa zama abincin talaka ba. Kamfanin bai ja da masu bincike sosai ba, sai ya sauya bakin talla. Ya daina cewa kwalbar tana maye gurbin nama, ya koma cewa tana gyara miya, tana buɗe wa majinyaci ciki, tana rage wa uwargida wahalar dafa ƙashi na sa'o'i. Daga 1872 ya fara raba ƙananan katuna masu hotuna kala-kala tare da kayansa, na tarihi da dabbobi da ƙasashen duniya, yara suka yi ta tarawa, aka ci gaba da buga su har 1975. A 1899 ya fito da tambarin Oxo, a 1910 kuma ya matse shi ya zama ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu da ake sayarwa kobo ɗaya na Ingila. Kamfanin Maggi na Suwizalan ya fito da nasa dunƙulen a daidai waɗannan shekaru. Ɗan dunƙulen da ake murmushewa a tukunyar miya a Kano ko Damagaram yau daga wannan tsere ya fito, ko da yake yawancin na yanzu ba su da alaƙa da naman sa sai ta ƙamshi.

Abin da ya kai sunan garin kowane kanti a Biritaniya shi ne naman gwangwani, wanda aka fara yi a 1873. A dafa nama sama-sama, a gauraya shi da gishirin adanawa da ke ba shi jan launi, a danna shi cikin gwangwani, a liƙe, a sake dafa gwangwanin da tururi mai tsananin zafi, sannan a sanyaya shi da ruwa. Duk wanda ya taɓa buɗe irinsa ya san siffarsa: gindinsa ya fi kansa faɗi don curin naman ya zamo waje gaba ɗaya, ga ɗan makulli a manne a jiki, a soka shi a bakin wani siririn zare na ƙarfe a yi ta murzawa har gwangwanin ya rabu biyu. Ba ya neman wuta, ba ya neman sanyi, yana shekaru bai canza ba. Wanda ya fi kowa bukatar abinci irin wannan shi ne soja.

Don haka kakar arzikin Fray Bentos ta zama kakar yaƙi. Yaƙin Boer a Afirka ta Kudu ya ja kaya, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ja fiye da haka nesa ba kusa ba. Sojojin Biritaniya a ramukan Faransa da Beljiyam sun ci shi har ya gundure su. A watan Agustan 1917, kusa da Ypres, wata tankar yaƙi da ma'aikatanta suka raɗa wa suna Fray Bentos ta kafe a cikin laka tsakanin sahun ɓangarorin biyu. Babban hafsan da ke cikinta, Donald Richardson, ɗan gidan masu kantin kayan abinci ne a Nottingham. Mutanen suka yi kusan kwana uku a cikin ƙarfen ana yi musu ruwan wuta, ɗaya ya mutu, sauran suka lallaɓa suka koma sansaninsu da raunuka. Ga yawancin waɗannan samari sunan na abinci ne kawai. Da wuya a cikinsu akwai wanda zai iya nuna garin a taswira, ko ya san cewa akwai mata a can da ke tsaye tun asuba suna liƙa wa gwangwanin takarda.

Kamfanin bai tsaya a gari ɗaya ba. Ya sayi manyan filayen kiwo, ya buɗe wata masana'anta a Colón ta Ajantina a farkon ƙarni na 20, wata a Faraguwai, daga baya ya tsallako Afirka, Rodeshiya ta Kudu da Kenya. A Kenya, bayan an gina masana'antarsa a Athi River, gwamnatin mulkin mallaka ta tilasta wa al'ummar Kamba rage garkunansu da sunan kare ƙasa daga zaizaya, ana kwashe shanun a sayar da arha. A 1938 dubban Kamba suka yi tattaki zuwa Nairobi suka zauna makonni har aka janye dokar. Masana'antar nama tana da yunwar da ba ta ƙarewa, kuma inda babu shanun banza kamar na Yurugwai, a kan nemi hanyar mayar da na mutane banza.

A halin da ake wannan, wata sabuwar dabara tana tasowa wadda za ta fi gishiri da gwangwani: sanyi. A 1876 jirgin Le Frigorifique na injiniyan Faransa Charles Tellier ya iso Buenos Aires da nama a cikin ɗakunan sanyi. A 1882 jirgin Dunedin ya kai daskararren naman tumaki daga New Zealand zuwa Landan lafiya lau. Da zarar an iya kai cinya guda cur har teburin mahauci a Ingila, dafa kilo talatin na nama don a cika 'yan kwalabe ya fara zama asara. Kasuwar tasajo ita ma ta soma mutuwa bayan Kyuba ta soke bauta a 1886, Barazil a 1888. Manyan kamfanonin Chicago, Swift da Armour, suka sauka Montevideo da injunan ƙanƙara. Makiyaya suka shigo da bijiman Hereford da Shorthorn don gyara iri, suka kewaye filaye da waya, domin mai sayen cinya yana duba taushi da kitse, ba kamar tukunyar tsimi ba da ke karɓar kowace tsohuwar saniya.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, oda ta yanke, masana'antar Liebig ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A 1924 ta koma hannun iyalan Vestey na Liverpool, aka sa mata suna Frigorífico Anglo del Uruguay, mutanen gari suka taƙaita shi zuwa Anglo. William da Edmund Vestey sun fahimci sana'ar fiye da kowa a zamaninsu. Suna da filayen kiwo a nahiyoyi da dama, suna da mayanku, suna da jiragen Blue Star masu ɗakunan sanyi, suna da rumbunan ƙanƙara a tashoshin Ingila, suna da shagunan mahauta na Dewhurst a titunan garuruwanta. Daga ɗan maraƙi har ƙunshin da uwargida za ta kai gida, riba ba ta fita daga hannu ɗaya. Fray Bentos ta zama zobe guda a wannan sarƙa. Aka gina katafaren ɗakin sanyi mai hawa biyar a bakin ruwa, manyan injuna na tura iskar amoniya ta bututu dare da rana. Shanu kan hau wata doguwar hanya mai gangare da ƙafafunsu har bene na sama inda ake yanka, daga nan nauyin jikinsu ne ke saukar da su sashe-sashe: ƙirgi ya bi tasa hanya, kayan ciki su bi tasu, gangar jiki ta rataye a ƙugiya ta nufi sanyi.

Wannan ne zamanin da tsofaffin garin ke tunawa. A ganiyar aiki masana'antar ta ɗauki ma'aikata kusan 5,000 a garin da mutanensa ba su wuce 'yan dubbai goma sha ba. Sun zo daga ƙasashe fiye da 50: Sifaniyawa, Italiyawa, mutanen Bulgeriya da Poland da Rasha, da 'ya'yan karkarar Yurugwai da shingen waya ya raba da aikin kiwo. Jiniyar masana'anta ce agogon kowa. Kamfani ya gina unguwa sukutum, Barrio Anglo, da gidajen masu iyali, da dogayen ɗakunan gwauraye, da asibiti da makaranta. Manyan ma'aikata Ingilishi suna nasu ɓangaren, da filin golf da babban gidan manaja a kan tudu yana kallon kogi. A 1943 kaɗai, tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, an fitar da gwangwani miliyan 16 na nama daga wannan tasha. A lokacin ne ake wa garin kirari da madafar duniya.

Ina ganin ya dace a girmama wannan alfahari ba tare da an rufe ido ga farashinsa ba. Mutumin da ya baro ƙauyensa a Bulgeriya da jaka ɗaya ya sami albashi, ya gina gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma aikin na kaka ne: idan shanu sun yi ƙiba a ɗauki mutane, idan kaka ta wuce a sallame su su jira. Mai wuƙa yana wuni a tsaye cikin jini da ruwa, na ɗakin sanyi yana shiga ƙanƙara yana fita rana, na tukwane yana cikin tururi. Ma'aikata sun kafa ƙungiya sun yi yajin aiki, a tsakiyar shekarun 1950 ma sun taka da ƙafa tun daga Fray Bentos har Montevideo don gwamnati ta ji kukansu. Tafiyar kilomita 300 a ƙasa ta nuna inda matsalar take. Wanda zai yanke hukunci a kan abincinsu ba ya garin, sau da yawa ma ba ya ƙasar.

Faɗuwar ba ta zo rana ɗaya ba. Bayan yaƙin Koriya farashi ya sauka, Turai ta farfaɗo da nata kiwon tana kuma kare manomanta da haraji. Garken Yurugwai ya daina ƙaruwa, mutanen ƙasar kuma, waɗanda ke cikin mafiya cin nama a duniya, suna cinye kaso mai yawa a gida. Swift da Armour suka tattara nasu ya nasu suka bar Montevideo a ƙarshen shekarun 1950. Injunan Anglo sun tsufa, masu su kuma ba su ga dalilin zuba sabon jari ba.

Sai annoba biyu suka biyo baya. A 1964 zazzaɓin taifot ya ɓarke a Aberdeen ta Scotland, ya kwantar da mutum kusan 500 a asibiti. Bincike ya kai ga wani babban gwangwanin nama da aka yi a Rosario ta Ajantina, wanda aka sanyaya da ruwan kogi marar magani, ruwan ya shiga ta wata 'yar kafa a jikin ƙarfen, injin yanka na kanti kuma ya yaɗa ƙwayar cutar zuwa sauran nama. Ba daga Fray Bentos gwangwanin ya fito ba, amma mai saye a Ingila ba ya bambance kogi da kogi, duk naman gwangwanin Kudancin Amurka ya sha tsana. A 1967 kuma cutar baki da kofato ta afka wa dabbobin Biritaniya, aka hallaka fiye da 400,000, aka ɗora alhakin a kan naman da aka shigo da shi daga Kudancin Amurka. Aka rufe ƙofa na wani lokaci, da aka sake buɗewa kuma sai da sharaɗin nama marar ƙashi da tsauraran ƙa'idojin tsafta. Sabon ciniki ya koma na naman da aka cire wa ƙashi aka ƙunshe a leda da kwali, wanda ƙaramar mayanka ta zamani a kowane gari za ta iya yi, mota ta kwasa zuwa tashar Montevideo. Zurfin ruwan da ya haifi Fray Bentos ya daina zama abin nema.

A ƙarshen shekarun 1960 Vestey suka janye, gwamnatin Yurugwai ta karɓi masana'antar don kada garin ya mutu a tsaye. Shigar Biritaniya Kasuwar Tarayyar Turai a 1973 ta ƙara toshe tsohuwar hanya. Gwamnatin soja da ta hau mulki a wannan shekara ta saki harkar nama ga 'yan kasuwa a 1978, a 1979 kuma aka kashe injunan Anglo gaba ɗaya, bayan shekara 116 da fara aikin Giebert. Matasa suka watse zuwa Montevideo da Ajantina. Waɗanda suka rage suka koma aikin gwamnati, da ƙananan sana'o'i, da jiran fansho.

Sunan kuwa bai mutu ba, domin tun asali ba mallakar garin ba ne. An yi masa rajista a matsayin tambarin kasuwanci a Biritaniya, ya yi ta sauya hannu: Brooke Bond, Unilever, Campbell, Premier Foods, har ya isa kamfanin Baxters na Scotland a 2011. Har gobe ana sayar da abincin gwangwani mai ɗauke da sunan Fray Bentos a kantunan Biritaniya, ana yinsa a can, kuma ko sisin kobo ba ya isa garin da ya haifi sunan. A duk cikin labarin, wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Ƙarni guda mutanen wurin suna gina amanar da ke sa mai saye ya miƙa hannu ga gwangwani ba tare da tunani ba, da aka tashi rabuwa sai aka bar musu ginin da ƙarafan, aka tafi da amanar.

Abin da suka yi da ginin ya cancanci yabo. Ba su bari an sayar da injunan a matsayin tsohon ƙarfe ba. Tsofaffin ma'aikata da masu kishin tarihin garin suka dage har aka mayar da wurin gidan tarihi, a 2015 kuma hukumar UNESCO ta sa masana'antar da unguwarta cikin wuraren tarihi na duniya. Mai ziyara zai ga ofishin akawu da teburansa da injunan buga rubutu, da ɗakin injunan sanyi, da dogon bututun hayaƙi na jan bulo, da ƙugiyoyin ɗaga kaya a bakin ruwa.

Garin mai mutum kimanin 25,000 ya sake samun babbar masana'anta a 2007, ita ma ta baƙi, ita ma saboda kogin. Kamfanin Botnia na Finland ya gina injin sarrafa itacen turare ya zama ƙullun yin takarda, wanda daga baya ya koma hannun UPM. Mutanen Gualeguaychú da ke ƙetare, saboda tsoron gurɓatar ruwa, suka toshe hanyar gadar San Martín da ta haɗa ƙasashen biyu daga 2006 har 2010, rigimar ta kai Kotun Duniya a Hague. Kotun ta ce Yurugwai ta saɓa ƙa'idar tuntuɓar maƙwabciyarta, amma ba a tabbatar da gurɓatar da za ta sa a rufe masana'antar ba. Lokacin gini an ɗauki dubban leburori, da aka gama sai aikin ya koma na injuna da 'yan ɗaruruwan ƙwararru. Shanun Yurugwai kuwa suna nan sun ninka mutanenta sau uku, kowace da lamba a kunne da ake bin sawunta ta kwamfuta tun daga haihuwa, kuma kaso mai yawa na naman da ake fitarwa Sin yake tafiya, a cikin kwantenoni masu sanyi da ake lodawa a Montevideo.